Yadda ake lissafa bushewar katako a kwamfuta kafin ya tsage

Masu katako a Sokoban, kasuwar katako ta Kumasi a Ghana, sun san abin da iskar hunturu ke yi wa ɗanyen katakon odum, wato iroko: bayansa ya bushe ya takure, cikinsa na nan jiƙe, sai ya tsage. Ɗalibin injiniya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, zai iya hango tsagewar a kwamfuta idan ya lissafa tafiyar laima da ta zafi da takurewar itacen a tare.

Fara da sikeli. Yanki guntu ka auna, ka gasa shi a zafin digiri 103 na Celsius har nauyinsa ya daina raguwa. Abin da ya ragu shi ne ruwan da ke ciki.

Sai ka zana fuskar yankan katakon a manhaja, ka kasa ta ƙananan gidaje. FEniCS kyauta ce, COMSOL ta kuɗi. Ka ƙanƙanta gidajen da ke bakin katako sosai, don can laima ta fi saurin sauyawa, can kuma tsagewa ke farawa.

Laima na bin dokar Fick ta 1855, zafi na bin ta Fourier ta 1822, takurewa kuma ta Hooke. Haɗa su ne aikin. In zafi ya ƙaru, laima na ƙara gudu. Ruwan da ke tashi daga baki yana tafiya da zafi, bakin ya yi sanyi. Itace ba ya takurewa sai laimarsa ta sauka ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma takurewarsa ta bin zoben itacen ta kusa ninka wadda ke nufar tsakiya. Wanda ya sa lamba ɗaya ga duka ɓangarorin, katakonsa ba zai lanƙwashe a allo ba, alhali a rumfa yana lanƙwashewa.

Zafi ya fi laima sauri nesa ba kusa ba, shi ya sa wajen lissafa tafiyar lokaci taku-taku na fi son hanyar Euler ta baya, wadda lambobinta ba sa watsewa ko takun ya yi girma. A hanyar Euler ta gaba kuwa, duk lokacin da ka raba gida biyu, dole ka raba takun lokaci huɗu, in ba haka ba lambobin su watse.

Ka sake lissafin da gidaje mafi ƙanƙanta. In amsa ta sauya, da saura. Sannan ka riƙa ɗora katako na gaske a sikeli kullum kana kwatantawa. Ka tuna itace na sakin jiki a hankali yayin bushewa, don haka dokar Hooke ita kaɗai za ta nuna matsi fiye da na gaskiya.