Yadda ake mayar da injin ban ruwa daga fetur zuwa gas

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya shiga cikin abubuwan da suka fi cinye ribar noman rani a fadamun Sakkwato, daga Kwalkwalawa da Kware har Wurno da Goronyo. Shi ya sa wasu masu albasa da shinkafa suka koma sa wa injinansu kafireto mai cin gas ɗin girki. Dabarar tana aiki, amma sai an bi ƙa'idarta, domin gas ba ya son ganganci.

Kafin ka sayi komai, yi lissafi. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da ƙarfin da ya kai na fetur kusan lita 1.4. Ka ninka kuɗin litar fetur da 1.4, ka gwada da kuɗin kilon gas a inda za ka riƙa cikowa, sannan ka ɗora kuɗin kai tukunya gari da dawo da ita. Idan gonarka na nesa da wurin cika gas, kuɗin kabu-kabu kaɗai zai iya lashe rarar. Injin Honda GX160 mai doki 5.5 yana shan fetur kusan lita 1.4 a awa idan yana cikakken aiki, wato gas kusan kilo ɗaya ke nan. Tukunya mai kilo 12.5 za ta ba ka wajen awa 12, ko sama da haka in ba ka ƙure totur ba.

Yawancin injinan inci biyu da inci uku da ke fadama GX160 ne, ko GX200 mai doki 6.5, ko kwafinsu na Sin mai lamba 168F, kuma kafireto iri ɗaya ke shiga su. A nan ake yawan yin asara: kafireton gas da ya fi yawa a kasuwa na janareto ne. Na injin ban ruwa yana da makunnin fetur a jikinsa, hannun cok ɗinsa ma daban yake. Mafi sauƙi ka cire tsohon ka tafi da shi shago, a jera su ka gani da idonka. Sauran kayan su ne tiyon gas na ainihi mita uku zuwa huɗu, kilif biyu masu noti, regileto mai ƙaramin matsi irin na girki wanda aka rubuta wa miliba 28 zuwa 30, sababbin gaskit, sifana lamba 10, filaya da sukurudireba. Ka karanta takardar da ta zo da kafireton, in ta nemi wani matsi daban, ita za ka bi. Tiyon ruwa ko na fetur ba ya maye gurbin na gas, rana na dukansa zai tsattsage.

Da farko ka rufe makunnin fetur, ka bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa. Ka jira ya huce, ka zare hular fulogi. Sai ka kwance murfin matatar iska, ka cire soso, ka kwance notuna biyu da suka riƙe kafireto da ƙaramin notin da ke riƙe gidan matatar. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton wurin da waya, musamman inda sandar gwamna (abin da ke daidaita gudun injin) da siririn sifirin ɗinta suka maƙale. Ja kafireton waje a hankali, ka juya hannun totur har sandar ta fito daga raminta ba tare da ka lanƙwasa ta ba, ka cire sifirin, ka zare tiyon fetur.

Tsakanin kafireto da jikin injin akwai wata baƙar roba mai tauri da ke hana zafi wucewa, da gaskit a gabanta da bayanta. Duba ta ko ta tsage. Ka kankare ragowar tsohon gaskit, ka sa sabo daidai yadda ramukan suke. Zura sabon kafireto, ka mayar da sanda da sifirin, ka haɗa tiyon fetur, ka mayar da gidan matata. Notunan nan biyu a ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, kada a ƙure ɗaya a bar ɗaya. Motsa totur da hannu, ya tafi ya dawo ba cijewa.

Sai haɗa gas. Tiyo ya shiga bakinsa har ƙarshe a ɓangarorin biyu, a ɗaure da kilif, ba da waya ko igiyar roba ba. Idan kafireton yana da maɓallin zaɓi tsakanin LPG (gas ɗin girki na tukunya) da NG (wani nau'in gas daban), ka sa shi a LPG. Buɗe gas injin yana kashe, ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a bakin tukunya, da regileto, da kowace mahaɗa. Duk inda kumfa ya riƙa tasowa, akwai yoyo. Ka rufe, ka gyara, ka sake gwadawa. Ba a gwada yoyon gas da ashana.

Wurin ajiye tukunya shi ya fi komai muhimmanci. Da ruwa ya fara ja baya a watan Maris da Afrilu, manoma kan haƙa rami su saukar da injin kusa da bakin rijiya, domin irin wannan famfo ba ya iya tsotso daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas. Gas kuwa ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya kwanta a ƙasan rami kamar ruwa a kwari, ga salansa da zafi, ga fulogi na ba da wuta. Don haka tukunya a sama take zama, nesa da bakin ramin, a tsaye, a ɓangaren da ba na salansa ba. Ramin a faɗaɗa shi, a yi masa gangare ta gefe ɗaya iska ta riƙa ratsawa. Duk wanda ya ji warin gas, ya rufe tukunya daga sama, kada ya sauka. A yi wa tukunyar 'yar rumfa da zana, domin zafin bazara a Sakkwato yakan wuce digiri 40, kuma kada a yarda mai cikawa ya danƙara mata fiye da kilon da aka rubuta. Kwantar da ita kuma kuskure ne babba, ruwan gas ne zai bi tiyo maimakon tururinsa.

Wajen tayarwa, cika gidan famfo da ruwa tukuna, in ba haka ba sil ɗin da ke tare ruwa zai ƙone. Makunnin fetur a rufe, kofin kafireto ba mai a ciki. Buɗe gas, danna maɓallin da ke jikin akwatin gas na kafireton daƙiƙa ɗaya ko biyu, bar cok a buɗe ko rabi in da sanyi, ka ja igiya. Ya ɗan yi sulo kafin ka ƙara wuta. In za ka kashe, rufe gas daga tukunya, injin ya shanye na cikin tiyo ya mutu, sannan ka kashe makunnin injin.

Za ka ga ruwan ya ɗan ragu, domin injin yakan rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa a kan gas. Wannan ba lalacewa ba ce. Amma in ƙarar injin tana hawa tana sauka, iska ce ke shiga ta gaskit, ko gas bai isa ba. Baƙin hayaƙi da warin gas a salansa na nufin fetur da gas sun haɗu, ko soson matata ya toshe da ƙurar hunturu. Da sanyin safiya a watan Disamba da Janairu, za ka iya ganin tukunya ta yi raɓa, ta yi sanyi ƙarara, injin ya fara shaƙewa alhali da sauran gas. Ana zuƙar tururin ne fiye da yadda tukunyar ke iya samarwa, kuma ƙaramar tukunya mai kilo shida ko wadda ta kusa ƙarewa ta fi yin haka. A tsayar da ita cikin baho mai ruwan rijiya zuwa rabinta. Wuta ko tafasasshen ruwa kada su kusance ta.

Gas yana ƙonewa tsaf, shi ya sa baƙin mai ke daɗewa bai yi duhu ba, sai mutum ya ɗauka yana da sauran kyau. A canza shi duk awa 100, ko ƙasa da haka a lokacin ƙura, cikin injin na cin kusan lita 0.6. Tazarar bakin fulogi ta tsaya tsakanin milimita 0.7 da 0.8. Bawul ma sai an sa musu ido, domin gas busasshe ne, mazauninsu yakan ci da wuri, tazarar ta matse, injin ya riƙa wuyar tashi yana rasa ƙarfi in ya ɗau zafi. Ka sa bakanike ya auna su injin yana da sanyi, a farkon rani da tsakiyarsa: na shigar iska milimita 0.15, na fitar hayaƙi 0.20.