Yadda ake ɗora waƙar ƙaura ta Gelik a kan klarsak

Klarsak ita ce garayar Skotlan da ake jinginawa a kafaɗa, ta zamani yawanci tsirkiyarta 34. Masu koyo da na gani kusan duk wuri ɗaya suke faɗuwa: su ɗauko waƙar ƙaura su yi ta zuba mata ado har ta ɓace.

Kafin ka taɓa tsirkiya, san bakin cikin wa kake ɗauka. Da yawa daga cikin waƙoƙin nan na mutanen tsaunukan Skotlan da tsibiran Hebrides ne da suka haye teku zuwa Kanada, wasu korarsu aka yi don a zuba tumaki a gonakinsu. Mawaƙi John MacLean ya bar tsibirin Tiree a 1819, ya tsinci kansa a dajin Nova Scotia mai duhu da sanyi, ya yi waƙar kewa.

Sai ka shiga taskar Tobar an Dualchais a intanet, kyauta ce, ka saurari tsofaffi suna rerawa ba kiɗa. Bi su da baki har ta zauna. A Gelik, harshen mutanen tsaunukan Skotlan ɗin, akwai dogon wasali da gajere kamar a Hausa, kuma su ke jan ragamar waƙar. Kada ka matse ta cikin ƙidayar kiɗa.

Hannun dama shi kaɗai ya fitar da karin waƙar. Inda mai rerawa ya ja numfashi, kai ma dakata.

Hannun hagu ne ya wahalar da ni wata da watanni. Ina bugun tsirkiya uku-uku a kowace gaɓa, kaurin tsirkiyun ƙasa yana ta amo a kan juna, waƙar ta zama kunu. Doka ta yanzu: tsirkiya biyu kacal, tushe (sautin da karin ya zauna a kai) da ta biyar a samansa, sau ɗaya a kowane layi. Bar sautin ya mutu da kansa. In za ka canza, kifa tafin hannunka a kan tsirkiyun su yi shiru tukuna. Yawancin karin nan sauti biyar ko shida ne, sautin da babu a waƙar kada hagu ya shigo da shi.

Klarsak na da tsada. A Skotlan ƙungiyar Clarsach Society na ba da haya, kada ka yi gaggawar saye.

Baiti na farko dama kawai, na biyu hagu ta shigo, na ƙarshe ka hau tsirkiyun sama. Naɗi kanka a waya, ka rera a kai. Inda bakinka ya sarƙe, nan za ka rage.