Aikin ido da leza ba tare da wuƙa ba: yadda za ka shirya daga Garwa

Shekara 17 na yi ina sa tabarau saboda rashin ganin nesa. A zafin Afrilu na Garwa gumi ya sa ya riƙa zamowa kan hanci, in na hau babur kuma ƙura ta lulluɓe shi. Da na gaji sai na tara kuɗi na je Tunis aka yi mini aikin leza, wato gyaran ido da wani haske mai ƙarfi. Tun dawowata 'yan'uwa ke tare ni da tambaya, to ga hanyar da za ka bi.

Fara sanin abin da aikin yake gyarawa: rashin ganin nesa, rashin ganin kusa, da ganin da ke zuwa a karkace. Ba ya cire yanar ido, ba ya maganin hawan jinin ido. Baffana ya ce in kai shi, na ce masa: "Baffa, naku yana ce, aikinta daban ne."

A gaban baƙin ido akwai wata fata garau kamar gilashin agogo, ita ce korniya, kaurinta kusan rabin milimita. Ana ɗaga siririn murfi a samanta, a gyara siffar ƙasan, a mayar. A da wata 'yar reza ta inji ke yanka murfin. Yanzu lezar femto ce ke jera ƙananan kumfa cikin fatar har murfin ya rabu, sannan lezar eksima ta kankare abin da aka auna. Kenan ana yanka, amma da haske. Dabarar lezar femto ta samo tushe daga binciken Gérard Mourou na Faransa da Donna Strickland ta Kanada a 1985, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2018.

Kafin ka sayi tikiti, je wurin likitan ido a gida. Dole ka kai shekara 18, kuma lambar tabaranka ta yi aƙalla shekara guda ba ta canza ba, don haka tattara tsofaffin takardun awonka ka tafi da su. Mai juna biyu da mai shayarwa su dakata, haka ma mai ciwon sukari da bai daidaita ba. In kana sa gilashin da ake mannawa cikin ido, cire shi mako biyu kafin awo, mai tauri ma ya fi haka.

A can, kada ka yarda a kwantar da kai sai an auna kaurin korniya, an ɗauki taswirarta, an duba yawan hawayenka. Wani matashi da muka yi layi tare, likita ta ce fatarsa ta yi siriri, ta sallame shi. Ya fita yana share ido, ni kuwa nan ne hankalina ya kwanta da wurin.

Aikin kansa bai kai minti 20 ba, duka idanun biyu. Ana ɗiga maganin kashe zafi, idonka biyu. Da aka ɗora zoben da ke riƙe ido, sai gani ya ɗauke na 'yan daƙiƙu, na ji an danna. Daga baya na ji ƙauri kamar na babbakar gashi. Naka kawai ka kafe ido kan ɗigon hasken da aka nuna maka. Bayan haka ido ya yi ta raɗaɗi da hawaye kamar an zuba yashi, na yi barci, da asuba na karanta agogon bango daga kan gado.

Inda na yi kuskure shi ne lokaci. A Janairu aka yi mini, na dawo tsakiyar hunturu. Leza tana taɓa jijiyoyin da ke sa ido hawaye, ga busasshiyar iska, ga ƙura. Wata uku idona na bushewa, fitilun motoci da dare suna yi mini zobe. Kai ka tsara tafiyarka ka dawo cikin damina, Yuli ko Agusta. Sayo maganin ɗigawa mai jiƙa ido da yawa tun daga can, ka nemi tabarau mai rufe gefe don babur.

Makon farko kada ka murza ido ko kusa, don murfin na iya gocewa. Kwanta da marufin roba da za a ba ka. Wajen alwala rintse ido, ka wanke fuska a hankali. Kwalli ya jira izinin likita, wanka a Binuwai kuma sai bayan wata guda. Kada ka baro garin sai an duba ka washegari da kuma bayan mako. Karɓo rahoton aikin a rubuce ka kai wa likitanka na gida, in kuwa ka ji zafi mai tsanani ko gani ya ragu, je ka same shi a ranar.

In ka haura 40, ka sa a ranka tabaran karatu na nan tafe, domin leza ba ta hana raunin ganin kusa da shekaru ke kawowa. Ni likita ta faɗa mini tun kafin in sa hannu a takarda.