Yadda za ki rage haɗarin zaiba a kifin teku

Uwargida, in kin je sayen kifin ƙanƙara ki ɗauki ƙanana irin su shawa, sadin da taitus. Manyan da ke cin 'yan uwansu, kamar shak da babban tuna, su ne zaiba, wani ƙarfe mai guba, ke taruwa a jikinsu shekara da shekaru, kuma wallahi suya ko dahuwa ba ta fitar da ita don a cikin tsokar take. Mai ciki da yara su fi kiyayewa, ƙwaƙwalwar jariri take taɓawa. A Minamata ta Japan aka gano cutar da zaiba ke jawowa a 1956, masana'antar Chisso na zuba dattinta mai zaiba a ruwa mutane na cin kifin, wasu suka shanye wasu suka mutu. Kaguwa kuma ki tambayi inda aka kamo ta, in kusa da magudanar masana'anta ne ki haƙura.