Yadda za ku tattara tarihin Hajiya kaka tun tana da rai

A Yukiren tsohuwar da aka haifa wajen 1930 ta ga yunwar 1932 zuwa 1933, ta ga yaƙin duniya na biyu, ta ga rugujewar Tarayyar Sobiyet a 1991. To mu ma tsofaffinmu na Zariya sun ga abubuwa, kawai dai ba ma tambaya ne sai an yi rasuwa a zo ana ta da na sani.

Ka je wurin kakarka da hantsi bayan ta karya, ka riƙe mata goro ko turare, ka ajiye waya kusa da ita kana rikodin. Kada ka ce "Hajiya wace shekara aka haife ki", wallahi dariya za ta yi maka. Tambaye ta wane sarki ne a kan gado lokacin aurenta. In ta ce Ja'afaru ka san kafin 1959 ne, in Aminu ne tsakanin 1959 da 1975. Ko ka ce haihuwar fari kafin yaƙin basasa ne ko bayan an canja fam zuwa naira a 1973, nan take za ka ga labari ya ɓalle, har da waɗanda ba ka tambaya ba.

Ni kuskuren da na yi, na riƙa katse kakata ina gyara mata lissafi, sai ta yi shiru ta juya kan carbinta. Ka bar ta ta zuba.

Tsofaffin hotuna kuma ka rubuta sunaye a baya da fensir, biro na ɓata hoto. Rikodin ɗin ka tura wa mutum biyu ko uku a dangi, waya na iya faɗawa ruwa.