Yadda za ka gane ko yankakken kan sarkin da ke jikin tsohon ambulan ya bi ƙa'ida

Masu sabon shiga harkar tara kan sarki da zarar sun ga ambulan da aka liƙa wa wani yanki da aka datso da almakashi sai su ce jabu ne, wasu kuma su jiƙa shi a ruwa su ɓare, shikenan sun kashe kaya. Ina magana ne kan hoton kan sarkin da ake bugowa a jikin ambulan ko kati tun daga gidan waya, irin takardar jirgin nan shuɗiya da iyayenmu ke siya a da, sai wani ya yanke wurin ya manna a wata wasiƙar daban.

Fara da ƙasa. In na Amurka ne kar ka wahalar da kanka, dokar gidan wayarsu ba ta yarda da yankakke ba har yau, wanda ya wuce ba a ci shi tara ba ma'aikaci ne bai lura ba. Ingila ce mai rikici, don sun bari, sun hana, sun sake bari.

To sai kwanan wata, kuma nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Mutum sai ya tsaya kallon fuskar da ke jiki, ya ga Sarauniya Victoria ya yanke hukunci. Hatimin da gidan waya ya buga shi za ka karanta, don ranar da aka jefa wasiƙar ita ce magana. A Ingila, kafin 1870 ba a hana ba. Daga 1 ga Oktoba 1870, ranar da aka fara sayar da katin gidan waya na rabin peni, doka ta haramta. Haramcin bai tashi ba sai 1 ga Janairu 1905. Kenan yankakken Victoria a ambulan mai hatimin 1890 ya saɓa doka, shi ɗin dai a hatimin 1907 lafiya lau. Amma kar ka saki jiki, a 1915 an soke duk kan sarkin Victoria, na Edward VII a 1930, na tsohon kuɗi kuma ya daina aiki ƙarshen Fabrairu 1972 bayan canjin kuɗin Ingila na 1971. Sai ka haɗa biyun, lokacin an yarda da yankakke, kuma mai fuskar ba a soke shi ba.

Matsalar ita ce hatimin yakan dishe, shekarar ma sau da yawa lamba biyu kawai suke sawa, 05 da 95 sai su rikita ka in tawadar ta yi dameji. Juya bayan ambulan ɗin, sau da yawa akwai hatimin garin da wasiƙar ta sauka kuma ya fi fitowa raɗau. Gilashin ƙara girma mai arha ya isa, ba sai ka kashe kuɗi a na'ura ba, kyamarar wayarka ma ta yi in ka kai taga da rana. Dan Allah kar ka bi lambar da biro wai kana fito da ita.

Daga nan duba ko hatimin ya hau yankakken ya kuma sauka kan ambulan, layi ɗaya ba karyewa. In duk tawadar na kan yankin ne, ambulan fes, ni dai ba na siya, wani ne ya zauna da gam daga baya. Haska shi da fitila ta baya ka ga ko akwai alamar wani kan sarkin da aka cire.

Sai lissafi. A Ingila wasiƙar cikin gida peni ɗaya ce har 1918, kati rabin peni. In an ƙi karɓar yankakken za ka ga alamar tara, yawanci ninki biyu na abin da ya gaza, mai karɓa ne ke biya. Irin wannan ni ya fi burge ni, don shaida ce ƙarara cewa an kama.

In ka ga ambulan tsaf an jera yankakku kala-kala, kuɗin kan sarkin ya wuce abin da wasiƙar ke buƙata, aikin dillalai ne. Akwai wani a Landan, Herbert Edgar Weston, da ke amfani da sunan Victor Marsh, ya yi irinsu da yawa. Halal ne, sun bi gidan waya, amma kar ka saye su da tsadar wasiƙar da talaka ya aika don tsimin peni ɗaya.

Ajiya kuma ba wani abu, leda marar gam, nesa da danshi, ka rubuta kwanan watan da fensir a wata takarda daban ka saka tare.