Darasi na 9: Shinkafar da ta huce

A Aboabo, cikin Kumasi, akwai wata mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da ke ɗora tukunya tun kafin kiran assalatu. Ƙarfe shida ta riga ta fito bakin titi da shito da taliya da gari da ganda. 'Yar ƙanenta ta yi karatun kimiyyar abinci a jami'ar KNUST, yanzu kuma aikinta bincike ne kan cututtukan da mutum ke ɗauka ta ci da sha.

Wata Asabar da la'asar ta leƙo gida, ta tarar goggon tana juye ragowar shinkafa a cikin kula.

"Goggo, wannan ta yaushe ce?"

"Ta safe ce. Yau kasuwa ba ta ci ba. Da daddare in ɗumama wa yara."

"Tun ƙarfe nawa kika sauke ta daga wuta?"

"Ke 'yar nan, sunsuna ki ji mana! Ba ta yi tsami ba, ba ta yi yauƙi ba. Tun ba a haife ki ba nake wannan sana'a."

Goggo ta san sana'arta, babu mai musu. Sai dai hanci ba ya kama kowane ɓacin abinci. Akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Bacillus cereus. A ƙasa take zama, tana biyo ɗanyar shinkafa daga gona. Idan ta ji wuya sai ta ƙudundune cikin ɓawo mai tauri, har a tafasa shinkafar ba ta mutu ba. Da tukunya ta huce ta koma ɗumi-ɗumi, sai ta farka ta fara yaɗo.

Mu yi lissafi tare. Idan wuri ya yi wa irin waɗannan ƙwayoyi daɗi, kowane minti 20 ɗaya tana iya zama biyu. Awa guda, 8. Awa biyu, 64. A awa bakwai sun haura miliyan 2. Abin da ya fi muni shi ne gubar da wannan ƙwaya ke zubawa a shinkafa: ɗumame ba ya karya ta. Yaro ya ci da zafinta, kafin awa shida ya kama amai, a ce mayu ne ko sanyi.

Ta yaya 'yar ƙanen Goggo ta san haka? Takan sayi abinci kamar kowa, ta zuba a leda mai tsabta, ta sa cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji. A can sai ta dama kaɗan da ruwa, ta shafa a ƙaramin faranti, ta rufe, ta ajiye a akwati mai ɗumi ya kwana. Da safe ɗigo-ɗigon ƙwayoyin cuta sun fito a farantin, ta zauna ta ƙirga su. Wani lokacin kuma tana shiga gidaje da izinin masu su, ta zuba ido: wace wuƙa aka yanka kaza da ita, ita ce kuma aka yanka kabeji? Abin da mutum ke faɗa yana yi daban, abin da hannunsa ke yi daban.

Aikin ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu. Mutanen Accra kuwa ba su manta kwalarar 2014 ba.

To me Goggo za ta yi? Abinci ya zauna da zafi sosai, sama da digiri 60, ko da sanyi sosai, ƙasa da digiri 5. Wanda ba shi da ma'auni ya duba tururi: in ka buɗe murfi bai tashi ba, tukunya ta koma wuta tun da wuri. Gawayi na da tsada, mun sani, shi ya sa ya fi sauƙi a dafa ƙananan tukwane biyu maimakon babba guda. Ragowa kada ta wuce awa biyu a waje. A baza ta a faffaɗan kwano ta huce da wuri, a sa a firiji. In an ɗauke wuta ta kwana a ɗumi, a haƙura da ita.

Idan yaro ya kama zawo, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: ledar fiya wata biyu, wato lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In an ga jini a bayan gida, ko ido ya faɗa, ko ya kasa sha, sai asibiti.

Aikin gida: Goggo ta sauke tukunya ƙarfe 6 na safe, ta bar ta a kula har ƙarfe 4 na yamma. Awa nawa ke nan? Rubuta amsar a littafinka, sannan ka rubuta kalmomin nan sau uku-uku: tururi, ɗumame, ragowa.